Faifan da ya maƙale a gindin dalma: nazarin wata matsalar ɗurin albarushi

Harbi goma maƙwabcina ya yi da wata tsohuwar bindiga daga nisan yadi 100. Takwas suka taru wuri guda, tafin hannu zai rufe su. Biyun da suka rage kuwa kowanne ya kama gabansa: ɗaya can sama ta hagu, ɗaya saura ƙiris ya bar takardar baki ɗaya. Ya goge bututun, ya sake wasu goma, aka maimaita kusan abin da aka yi. Da ya leƙa ta madubin hangen nesa sai ya ga ramin ɗaya daga cikin ɓatattun ba zagayayye ba ne, ya ɗan yi tsawo kamar ƙwai. Alama ce ta cewa dalmar ba da tsininta ta shiga ba, ta karkace a hanya.

Ba rashin iya harbi ba ne. Mutumin dattijo ne da ya ba saba'in baya, tsohon mai aikin injin sassaƙa ƙarfe, kuma maƙwabcina a garin da nake zaune a yammacin Amurka. Baba nake ce masa, tun yana dariya har ya saba. Abin da ya haɗa mu shi ne ranar da na ji warin hayaƙi daga garejinsa na ce masa wannan ai warin hawan sallah ne, warin 'yan bindigar Sarki. Na ba shi labarin kawuna maharbi da adakarsa. Daga ranar ya riƙa ɗaukata zuwa filin harbi duk Asabar ɗin da ba ni da aiki, ni ne mai riƙe madubi da rubuta inda harbi ya faɗa.

Kafin in ci gaba sai na raba sunaye, don mu a Hausa komai harsashi ne. A nan, harsashi shi ne abin gaba ɗayansa. Kwanso shi ne gidan tagullar. Ƙyastu shi ne ɗan abin da ke gindin kwanso, wanda ake duka ya ba da wuta. Dalma ita ce mai fita ta tafi. Sai kuma abin da ya jawo wannan rubutu: wani ɗan zagayayyen kwali da ake ɗorawa a kan albarushi kafin a sa dalma, kaurinsa bai kai milimita ɗaya ba. Ni faifai nake ce masa, don aikinsa ke nan, rufe abin da ke cikin ƙwarya.

Baba ya shafe shekaru yana shiga gasar harbin dabbobin ƙarfe da bindigogin albarushi irin na ƙarni na 19. Ana jera kaji a mita 200, aladu a 300, talo-talo a 385, raguna a 500, kowanne guda goma. Kajin a tsaye ake harbinsu, sauran an yarda mutum ya kwanta ya ɗora bindiga a kan sanduna biyu da aka gicciye. Taɓawa ba ta isa ba, sai dabbar ta faɗi, kuma ragon ya haura kilo ashirin. Babbar gasar ƙasa an daɗe ana yinta a Raton, a jihar New Mexico. Bindigar da yake zuwa da ita Sharps ce samfurin 1874, amma ƙirar zamani, tana cin harsashin .45-70 da doguwar dalma mai shafaffen gindi wadda nauyinta ya haura giren 500 (giren ɗan ƙaramin ma'aunin nauyi ne).

Yadda yake ɗura mata, ko cikin barci aka tashe shi zai yi. Ya auna albarushi, ya zuba shi ta wani siririn bututun tagulla mai tsawon kamar ƙafa biyu, don ƙwayoyin su zauna da kyau. Ya ɗora faifai. Ya danne da wani ƙarfe da aka yi musamman don dannewa, zuwa zurfin da ya tsayar. Sannan ya zaunar da dalma har gindinta ya taɓa faifan. Dubbai ya yi a haka, kuma bai taɓa tsayawa ya tambayi kansa ko faifan nan dole ne ba. Haka ya tarar ana yi, haka duk wanda ke cin kofi yake yi.

Sai ya sayi wata bindiga a gwanjon kayan wani mamaci.

Springfield ce, wadda Amurkawa ke yi wa laƙabi da Trapdoor, saboda bayanta yana buɗewa sama ya kifa gaba kamar murfin rumbu. Dabarar ta Erskine Allin ce, shugaban maƙera a masana'antar makamai ta gwamnati da ke Springfield a Massachusetts. Sojan Amurka sun karɓe ta tare da harsashin .45-70 a 1873, suka riƙe ta har bindigar Krag ta fara maye gurbinta daga 1892, kuma ko a yaƙinsu da Sifaniya a 1898 dakarun sa-kai da yawa ita suka rataya. Ta Baba samfurin 1884 ce, mai ma'aunin saiti irin na Buffington. Ya kai wa maƙerin bindiga ya duba, aka ce lafiyarta ƙalau muddin albarushi za a ba ta, ba hodar zamani marar hayaƙi mai ƙarfi ba.

Da yake mutum ne mai son tarihi, ya ce zai ciyar da ita abin da ta saba ci. Ya nemo mazubin da ke fitar da dalma irin ta soja ta farko, mai nauyin giren 405, mai ɗan rami a gindi. Cikakken sunan harsashin ma, .45-70-405, lissafinsa ne: 45 faɗin bututu, wato kashi 45 cikin ɗari na inci, 70 nauyin albarushi, 405 nauyin dalma. Giren ɗaya bai kai kashi ɗaya cikin goma sha biyar na giram ba, don haka maganar giram huɗu da rabi na albarushi ake yi, da giram 26 na dalma. Ya narka, ya zuba, ya cika tsagogin jikinta da maiko. Da ya zo ɗuri, hannunsa da kansa ya kai gwangwanin faifai. Sabo turken wawa, in ji masu magana, ko da yake Baba ba wawa ba ne.

Abin da aka fara zarga

Da wannan ɗurin Springfield ta yi harbin da na fara ba da labarinsa. Wata biyu muka yi muna farautar dalilin ɓatattun nan biyu, kuma faifai shi ne na ƙarshe da ya zo mana a rai. Da farko ma'aunin saiti ya zarga, ya ce tsufa ya sa yana motsi. Ya ɗaure shi, ba ta canza zane ba. Sai ya koma kan dalma: ya auna kowace ɗaya a sikeli, duk wadda ta yi sauƙi ya mayar tukunya, don mai sauƙi tana iya ɓoye kumfar iska a ciki. Nan ma shiru.

Sai ƙanzo. Albarushi ba ya ƙonewa ya tafi duka; fiye da rabin abin da ya bari ba hayaƙi ba ne, toka ce, kuma wani kaso nata a bututu yake kwanciya. In ta bushe sai ta zama kamar ƙanzon tukunya, dalma ta biyu ta zo ta gurje a kai. Shi ya sa maikon waɗannan harsasai na kakin zuma ne da kitse ko man tsiro, ba na fetur ba, kuma shi ya sa za ka ga manyan mutane da gemu suna hura numfashi ta wani ɗan tiyo cikin bindiga tsakanin harbi da harbi, don laimar numfashi ta tausasa tokar. Baba ya nuna mini yadda ake gane maiko ya wadata: a duba bakin bututu bayan harbi, in an ga wani baƙin tauraro mai danshi ya fito a gefen ramin, to maiko ya kai har ƙarshe. Tauraron yana nan. Ba ƙanzo ba ne.

Daga nan ya auna cikin bututun. Ya tura wani ɗan dunƙulen dalma mai laushi daga wannan baki zuwa wancan, ya fito da zanen ciki a jikinsa. Trapdoor tsagi uku gare ta a cikin bututu, su ne ke sa dalma juyi, kuma auna abu mai tsagi uku da ma'auni mai baki biyu sai wanda ya san hannunsa, amma ai sana'arsa ce. Ta ɗan haura .460 na inci, alhali abin da aka sani a takarda .458 ne. Wannan ba baƙon abu ba ne a tsofaffin Springfield, da yawansu haka suke da faɗi. Nan muka ce mun kama ɓarawo. Sai dai in faɗin ne matsalar, me ya sa takwas suke taruwa? Dalma mai laushi, in albarushi ya doke ta daga baya, gindinta yana riga kanta motsawa, sai ta ɗan kumbura ta cika tsagin. Takwas ɗin sun nuna kumburin yana faruwa. Wani abu ne daban yake samun biyu ya bar takwas.

Abin da ya warware zancen akwati ne. Baba ya haɗa wani dogon akwatin katako, ya cika shi da garin katako mai danshi, muka harba a ciki don mu kama dalmar ba tare da ta farfashe ba. Ni na tona. Ta farko da na ciro gindinta fes, ramin ya buɗe daidai ta kowane gefe. Ta uku ko ta huɗu ce na juya na ga wani baƙin abu a ramin. Na sa farce, ya ƙi fita. Baba ya karɓa, ya sa tsinin wuƙa ya ɓanɓaro shi. Faifan ne. Ya lotsa ciki kamar hular da aka zauna a kai, gefe ɗaya ya nutse har ƙasan ramin, ɗaya gefen ya haye kan leɓen dalmar, kuma leɓen a daidai wurin ya fi sauran siranta. Ya daɗe yana juya ta a tafin hannunsa, sannan ya ce, "Ɗana, shekara ashirin ina sa wa dalma takalmi, ban taɓa duba ko ƙafar irin ta takalmi ba ce."

A ƙarƙashin shafaffen gindi, faifai yana kwance ne lif. Wuta ta tura shi, shi ya tura dalma, suna fita daga baki iska ta fizge shi ya faɗi 'yan taku kaɗan a gaban maharbi. In ka zaga gaban teburan harbi bayan gasa za ka tsince su birjik. A ƙarƙashin gindi mai rami kuwa tsakiyar faifan ba ta jingina da komai ba. Ƙarfin wutar sai ya cusa shi ciki. Wani lokaci ya shiga daidai, wani lokaci ya yage ya faɗi, wani lokaci ya shiga a karkace ya maƙale. Zanen bututun Trapdoor yana juya dalma sau ɗaya a kowane inci 22, kuma tana fita da gudun kusan mita 400 a daƙiƙa, wato tana juyawa wajen sau 700 a daƙiƙa guda. Nauyin kwalin ba wani abu ba ne, amma abin da ke juyi haka ba ya son kaya a gefe ɗaya. Abin da ya fi wannan muni shi ne lokacin fita daga baki: in leɓen gindin bai bar bututu a lokaci ɗaya ta kowane gefe ba, iskar da ke bayansa za ta riga fita ta gefe guda ta ture shi. Ture kaɗan a baki, kamu guda ne a takarda.

Yadda masu bindigar suka yi tun asali

Abin dariyar shi ne amsar tana cikin tarihin da Baba yake so. Harsashin doguwar bindigar soja da aka riƙa yi a masana'antar Frankford da ke Filadalfiya ba shi da faifai. Albarushi ne a danne, dalma a kansa, a matse bakin kwanso, shi ke nan. Inda suka sa kwali shi ne a harsashin gajeriyar bindigar mahaya dawaki. Ita da yake ba ta da nauyi, giren 70 yana dukan kafaɗa, sai aka rage zuwa 55 a cikin kwanso iri ɗaya. Ragin ya bar fili, aka cike filin da kwali. Ciko ne kawai, ba don kare gindin dalma ba.

Shi kansa ramin gindi tsohuwar dabara ce. Claude-Étienne Minié na Faransa ya fito da ita wajen 1849 don bindigogin da ake ɗurawa ta baki: dalma ta zama ƙarama ta shiga da sauƙi, in an harba leɓenta ya buɗe ya kama zanen. Tasa ta farko har da ɗan ƙoƙon ƙarfe a ramin, sai James Burton na masana'antar makamai ta Harpers Ferry a Amurka ya nuna ba a bukatarsa, iskar da kanta ta isa. Rami irin wannan wuta yake so ta shige shi. Duk abin da ka shimfiɗa a bakinsa ka shiga tsakanin harshe da haƙori.

Ingila kuwa wata hanya ta bi, kuma ita ma da dalilinta. Harsashin Martini-Henry, bindigar da suka karɓa a 1871 suka yi yaƙin Zulu da ita a 1879, giren 85 ne na albarushi da dalma mai giren 480 wadda aka naɗe da takarda. Dalma mai rigar takarda ba ta da tsagogin da za a cika da maiko, don haka aka sa dunƙulen kakin zuma a ƙarƙashinta, aka raba shi da albarushi da kwali, aka raba shi da dalma da kwali. A can in ka cire kwali ka ɓata harsashin. Sojoji biyu, zamani ɗaya, albarushi iri ɗaya, ɗaya ya jera kwali ɗaya bai sa ko guda ba, kuma babu wanda ya yi kuskure a cikinsu.

Cire faifan da abin da ya biyo baya

Mai gaggawa zai ce to a daina sawa mana. Ba a nan gizo ke saƙar ba. A ɗurin albarushi faifai ba farilla ba ne, amma akwai farilla guda: kada a bar fili tsakanin albarushi da dalma. Baba ya saita ƙarfen dannewarsa ne da lissafin kaurin kwali a ciki. In ya cire kwalin bai taɓa saitin ba, saman albarushin zai sauka da gwargwadon wannan kaurin, dalma ta tsaya a sama ba ta taɓa komai ba. Mafi hatsari ma shi ne a danne faifai a kan albarushi kaɗan, a bar sarari tsakaninsa da dalma. Wuta ta taso da gudu ta tarar da dalma a tsaye kamar bango, matsin ya taru a wuri ɗaya ya faɗaɗa ƙarfen, ya bar zobe a cikin ɗakin harsashi. Daga ranar kwanso ya riƙa maƙalewa, bindigar da ta haura shekara ɗari da talatin ta nakasa a harbi guda.

Don haka ya sake awo daga farko. Ya auna zurfin da dalma ke shiga kwanso, ya saita dannewa ta tsaya daidai nan, yadda leɓen gindin zai zauna a kan albarushin da ya dunƙule. Kwanson yau gindinsa ya fi na da kauri, cikinsa ya fi ƙanƙanta, shi ya sa giren 70 ba ya shiga sai da danna mai yawa. Baba bai nace sai ya kai 70 ba, ya tsaya inda bindigar ta fi so. Abu ɗaya da ya ƙi yi shi ne danne albarushi da dalmar kanta. Dalma mai laushi ce, in ka mai da ita taɓarya hancinta zai baje, jikinta ya kumbura, ta ƙi shiga bindiga ko ta shiga a gurguje. Wata 'yar wahala da ya tarar ita ce ba faifai, ƙurar albarushi tana manne wa ƙarfen dannewa, sai ya riƙa goge shi bayan kowane 'yan kwanso.

Asabar ta gaba goma suka tafi, goma suka taru. Ya sake, haka. Ba su fi takwas ɗin da matsewa ba, amma babu wanda ya yi yawo, kuma ramukan duk zagayayyu. Ban taɓa ganinsa yana waƙa ba sai ranar a mota.

A daren na kira kawuna ta WhatsApp, bayan sun idar da asuba a can. Muka gaisa, na tambayi iyali da gona, sannan na ce, "Kawu, ashe ana iya ɗura albarushi a sa dalma a kai ba a sa toshiya ba." Ya yi shiru, sannan ya ce, "Kai yaro, wa ya gaya maka wannan? Kar ka tsaya kusa da mai yin haka." Na yi masa bayanin kwanso da dalma mai rami. Ya ce to wannan daban. Adaka bututunta sulɓi ne, abin da ake zuba mata kuma tsaba ce, ba abin da ya cika bakin. In ba ka sa tsumma a kan albarushi ba, wuta za ta bi ta tsakanin ƙwayoyin ta wuce, ka ji ƙara ba ka ga nama ba. In ba ka sa wani tsumman a sama ba, kana sunkuyar da bindiga komai ya zube. "Amma abin da zan gaya maka," in ji shi, "ko da me ka toshe, ka daka shi ya zauna. Wanda ya bar ɗuri a rabin hanya shi bindiga ke fashe wa a hannu." Da na fassara wa Baba washegari ya ce kawuna ya faɗi a jimla biyu abin da su suke cika littafi da shi. A gida Najeriya dai, ya kamata in faɗa, Dokar Makamai ta 1959 ko adaka ta ba hukuma ikon hana a riƙe ta sai da lasisi, balle mutum ya zauna yana haɗa harsashi a ɗaki. Wannan sha'ani ne na inda dokarsu ta ba su dama.

An gudu ba a tsira ba, domin a watan Yuli wata matsalar ta ɓullo. Ya bar akwatin harsasai a bayan mota tun safe, rana ta dake shi. Da muka fara harbi, wasu suka riƙa fita da ƙara mai sanyi, suna faɗuwa ƙasa da inda aka saba. A gida ya zare dalma daga guda uku. Saman albarushin ya yi baƙi ƙirin yana sheƙi, ka taɓa ka ji maiko a yatsa. Kakin ya narke ya silalo ta gefen dalma ya jiƙa shi, kuma albarushin da ya sha mai ba ya kamawa yadda ya kamata. Ga aiki na biyu da faifai yake yi masa shekara da shekaru bai sani ba. Maganin bai zama mayar da kwali ba. Ya ƙara kakin zuma a haɗin maikonsa don ya yi tauri, ya riƙa goge gindin kowace dalma a kan tsumma kafin ya zaunar da ita, ya kuma koma jera harsasan a kife, dalma ƙasa, cikin akwatin sanyi irin na lemo. In maiko zai narke, ya gangara nesa da albarushi.

Inda na fi jin daɗin sha'anin Baba shi ne bai tsaya a nan ba. Ya ce tunda Springfield ta ƙi faifai, bari ya ga ko Sharps ma ɗaukar kaya take yi a banza. Ya ɗura mata rabi da faifai rabi babu, komai sauran iri ɗaya. A mita 200 ban iya bambance takardun biyu ba, shi ma haka. A akwatin garin katako ne bambancin ya fito. Masu faifai gindinsu sumul, gefen da kaifinsa kamar yanzu suka fito daga mazubi. Marasa faifai gindinsu duk zanzana, ƙwayoyin albarushi sun dasa sawunsu a jiki, kuma a wasu gefen ya ɗan cinye inda wuta ta lasa. Da ya goge bututu sai ga 'yan ɓarɓashin dalma suna ƙyalli a tsumman, abin da bai saba gani a wannan bindigar ba. A layin raguna, marasa faifai sun fi yin sama da ƙasa, kuma rago a mita 500 ba ya yafe wannan. Bai yi dogon tunani ba, ya mayar wa Sharps faifanta.

A ganina gwajin nasa na Sharps bai isa a kafa doka da shi ba. Bindiga ɗaya ce, dalma iri ɗaya, rana biyu. Akwai maharba da ke ɗura shafaffen gindi ba faifai suna kuma kayar da raguna, musamman in dalmar ta cika maƙogwaron bindigar, wato farkon bututu, sosai kuma haɗinta da kuza ya ɗan yi tauri. Akwai masu sa ɗan yankin jarida ko takardar kaki kawai don raba maiko da albarushi. Akwai kuma kwanso mai wuya kamar kwalba, inda faifai zai iya zamewa ya faɗa ƙasan wuyan ya zama matsala da kansa. Abin da na yarda da shi ɗari bisa ɗari shi ne na Springfield, domin wannan ba lissafin takarda ba ne, da farcena na taɓa kwalin a cikin ramin.

Yanzu a kan kantar garejinsa akwatuna biyu ne, ja da kore, dukansu .45-70, kuma daga waje ba ka bambance harsashin wannan da na wancan in ba ta hancin dalma ba. A murfin koren ya manna takarda ya rubuta da babban baƙi cewa na tsohuwa ne, ba kwali. Dalmar nan mai faifai a gindi kuwa ya huda ta ya rataye a ƙusa saman teburin ɗuri. Na ɗauki hotonta na aika wa kawu, tare da hoton Baba a kwance bayan sandunansa. Da yamma ya turo saƙon murya. Ya ce a gai da dattijon, bindigarsa ta yi kyau, sannan ya tambaya wane irin nama suke samu da ita a can. Na ce masa raguna ne, amma na ƙarfe. Saƙon da ya biyo baya daƙiƙa tara ne, shida na farko shiru, sannan ya ce, "Na ƙarfe? To su ci da me?"